Tafiyar Ƙafa da Ɗan Fari a Gaɓar Tekun Italiya

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna, wadda take kwance a maƙabartar Baƙi'a.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima, ya yalwata miki makwanci. Ni ce Rabi, daga gidanmu na unguwar Ƙurban a nan Madina, inda kika bar ni.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Amma kin san mu mata ba a barinmu mu shiga maƙabarta, sai dai mu tsaya ta jikin katanga mu yi sallama, askari mai gadi yana ta cewa yalla ya hajja. Maganar da ke bakina kuwa ta fi ƙarfin tsayuwar jikin katanga. Shi ya sa na zauna na ɗauki biro. Ƙafafuna suna cikin roba da ruwan ɗumi da gishiri, don tun da na dawo ba su daina yi min tsiya ba.

Italiya na je, Inna. Kada ki yi dariya. Ni da ko garin Yanbu da ke nan kusa ba na son zuwa saboda jiri a mota, ni ce na hau jirgi na tsallaka teku. Wurin maigidanki na je, ɗana na fari, wanda kika goya, kika yaye, kika sangarta. Kin san ya tafi karatun ƙera jiragen ruwa a wani gari da ake kira Jenowa. To, karatu ya ƙare tun bara, yaro bai dawo ba.

Da kika rasu ya zo, ya zauna zaman makoki, ana tashi ya haɗa jakarsa. Ƙanwarsa Hindatu ta tare shi a bakin ƙofa ta tambaye shi yaushe zai dawo gida gaba ɗaya. Da Larabci ya amsa mata, kamar yadda suka saba, mu yi musu Hausa su mayar mana da Larabci. Ya ce wadda take nemansa a gidan nan ai an binne ta. Hindatu ta haɗiye maganar nan ta daɗe da ita a ciki, sai bana ta faɗa min, ina tsaye ina yanka kuɓewa. Na ce mata to. Washegari na ce mijinta ya nemo min biza. Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, na je ne in dawo da ɗana gida.

Ke kika koya min abin da ya jawo wannan, kuma ba ƙararki nake kaiwa ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane. Kin taso da abin nan tun daga ƙasar Kano a ƙafa kina yarinya, ta garuruwan Lami da Fashir, har Sawakin a bakin teku. Kin sha gaya min kun yar da tukwane da tabarmi a hanya saboda nauyi, amma wannan ba ki yar ba, har Madina kika kawo shi. Ranar suna kika karɓi yaron kika ce, “Ke naki ya ƙare, wannan nawa ne.” Maƙwabtanmu Larabawa da sunan ɗan fari suke kiran mace, su kira ni da shi a tsakar layi ni kuma in sunkuyar da kai. Idan ina son ya zo sai in ce kai, ko in ce wa Hindatu ta kira yayanta.

Kin tuna ranar da ya faɗo daga keke ya karya hannu? Ina jin ihunsa na fito ba ko mayafi. Kika riga ni isa, kika waiwayo kika ce, “Shiga ciki, mutane na kallo.” Na shiga. Ke da babansu kuka kai shi mustashfa wurin likita, ni kuma na zauna a kicin ina kuka ina dama masa kunu. Da kuka dawo sai na ba Hindatu ta kai masa. Ni a ganina duk duniya ta san wa ya dama kunun nan. Ashe shi bai sani ba, abin da ya gani kawai uwayen abokansa suna rungume su a ƙofar madrasa suna ce musu habibi, wato masoyina.

Da na sauka a filin jirgi na hango shi tun daga nesa. Ya rame, ya bar gemu, tsayuwarsa sak ta babansu, Allah ya jiƙansa. Ya zo ya sumbaci kaina yadda ake yi a nan. Ni kuwa abin da ya fito daga bakina shi ne, “Sannu. A ɗauko jakar can mai igiya.” Duk maganar da na shirya tun daga Jidda ta ɓace min.

Ashe Hindatu ta tsegunta masa cewa sukari ya kama ni, likita ya ce in riƙa tafiya a ƙafa. Shi ne ya ɗauki hutu, ya shirya mana abin da ya ce mutanen can suna ji da shi. Wasu ƙauyuka ne a jere a bakin teku, a maƙale jikin duwatsu, ana tafiya a ƙafa daga wannan zuwa wancan, a kwana a tashi a ci gaba. Na tambaye shi ko babu mota. Ya ce akwai jirgin ƙasa ma, yana bi ta cikin dutse, kafin ka gyara zama ka isa. Na ce to me ya yi zafi? Ya ce tafiyar ita ce hutun. Inna, ke kin yi tafiya don ki iso garin Manzon Allah. Waɗannan bayin Allah kuɗi suke biya su wahalar da kansu, su isa inda jirgi zai kai su a zaune.

Ni dai da na ji an ce tafiyar ƙafa, sai na yi shiri irin wanda na ji a bakinki. Na ɗaure dabino ajwa, da dakuwar da matar wani likita ɗan Najeriya da ke unguwar Ƙiblatain ta yi min, da flas na gahawa da finjalai, da sallaya, da buta. Ya ɗaga jakar ya ajiye, ya ce in bar ta a masauki, a kowane ƙauye akwai abinci. Na ce wa ya taɓa kama hanya ba guzuri? Muka yi ta ja, ƙarshe shi ya goya ta a baya a kan tasa. Turawa suna wuce mu da 'yar jaka kamar ta almakashi, mu kuwa kamar masu ƙaura.

Takalmina ma bai yi masa ba. Ya ce shibshib, wato silifa, ba ya hawa dutse, ya sayo min wani ƙato mai igiya irin na askarawa. Ban iya ɗaurawa ba, sai ya durƙusa a gabana yana ɗaura min. A nan na ga tsakiyar kansa, gashin ya fara zubewa, har da farare guda-guda. Yaron da ban taɓa shafa kansa a gaban mutum ba, ga shi har ya fara furfura. Hannuna ya tashi da kansa, sai na kai shi na gyara mayafi.

Hanyar nan, Inna, ba hanya ba ce, matakala ce. A hau, a hau, in kin ce an gama sai a sauka, in an sauka a sake hawa. Faɗinta a wasu wurare bai wuce na sallaya ba, dutse a hagu, a dama kuma sarari har ƙasa inda ruwa yake dukan duwatsu. Ina riƙe abaya da hannu ɗaya, ɗaya hannun a jikin dutse, gumi har cikin ido. Tsofaffin Turawa da suka girme ni suna wuce ni da sanduna biyu-biyu da gajeren wando, suna gaishe ni da fara'a kamar sun san ni. Gwiwoyina suka yi ta ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na gaji gajiyar da ban taɓa yi ba, ko a Safa da Marwa da azumi.

Amma in na ce wurin ba shi da kyau na yi ƙarya. Sun yanka dutse hawa-hawa sun shuka inabi da zaitun da lemun tsami, ƙamshin lemun yana bin mutum. Gidajensu ja da rawaya da ruwan hoda, an ɗora wani a kan wani, shanya a kowace taga, ƙananan kwale-kwale a kife a bakin ruwa. Tekun kuwa shuɗi ne har ya gaji da shuɗi. Na tsaya na yi tasbihi. Da na ji inabin nan giya ake yi da shi na ce Allah ya shirye su, shi kuma ya yi dariya, dariyar farko da na ji daga bakinsa tun zuwana.

Kullum da safe sai in ce yau zan yi masa maganar. Mu zauna a gindin zaitun, in zuba masa gahawa, in tsince masa manyan dabino in tura gabansa. In buɗe baki, sai in ji ina ba shi labarin mukayyif ɗin da ke sanyaya falo da ya lalace, ko 'yar wance da aka yi wa aure. Shi kuma ya ce tayyib, wato to, ya ce Masha Allah, yana kallon ruwa. Ga mu mu biyu a ƙasar da ba wanda ya san mu, amma ji nake kamar kina zaune a gefe kina kallona.

A ƙauye na biyu muka sauka a gidan wata tsohuwa mai ba da hayar ɗakuna. Matar nan yini ɗaya ta san shi, amma sunansa a bakinta kamar ita ta raɗa masa. Ta kira shi daga taga, ta kira shi daga kicin, ta ja kumatunsa ta ce ya ƙara kifi. Shi kuma yana ta washe baki yana mayar mata da yarensu. Wallahi haushi na ji, Inna, haushi sosai. Na ce kaina na ciwo na tashi daga teburin.

Abin ya faru ne a hanyar ƙauyen ƙarshe, da hantsi. Mun hau wani tudu mai tsawo, na jingina da dutse ina haki. Ya ce in tsaya a haka zai ɗauke ni hoto ya aika wa Hindatu. Kin san ni da hoto ba ma shiri. Ya sa kamara a ido yana ja da baya don ya samo ni da tekun gaba ɗaya. A daidai wurin babu shinge, ƙasar gefen kuma ta zaizaye. Ga nauyin jakata a bayansa yana rinjayarsa. Na ga dugadugansa sun kusa baki.

Na ce kai. Na sake cewa kai, kai, ina ɗaga hannu. Shi ya ɗauka faɗan hoton nake yi kamar kullum, ya yi dariya ya ce, “Lahza, Ummi, ɗan dakata, ɗaya kawai,” ya ƙara taku ɗaya baya. Na ga tsakuwa ta gangara daga ƙarƙashin takalminsa.

Ban san lokacin da sunan ya fito daga bakina ba. Na ce, “Mansur!”

Ya tsaya cak. Ya sauke kamarar. Sannan ya yi abin da har in mutu ba zan manta ba. Ya leƙa bayana, ya duba hanya ta sama, ya duba ta ƙasa, yana neman wanda ya kira shi. Bai san sunansa da muryata ba. Sai da ya ga babu kowa a kan tudun nan sai ni, sannan ya dube ni. Na nuna masa ƙafarsa. Ya kalli bayansa, ya matso a hankali, ya sauke jakunkunan ya zauna a ƙasa.

Ni ma na zauna a kan wata 'yar katangar dutse. Can ya ce, da Hausarsa da ta karkace, “Ummi, ashe kin san shi.” Wasa ya so ya yi, amma muryarsa ba ta ba shi haɗin kai ba. Na ce kunya ce, haka aka yi mana tarbiyya, ɗan fari ba a kama sunansa. Ya ce kunyar wa? Sitti, wato ke, ta rasu, Baba ya rasu, wa ya rage da nake jin kunya? Ke ce kika san amsar nan, Inna, kuma ba ki bar min ita ba.

Tunda bakin ya riga ya buɗe, sai na ƙarasa. Na ce masa Hindatu ta gaya min abin da ya faɗa a bakin ƙofa. Na ce ba gaskiya ba ne. Na ce kunun ranar da ya karye ni na dama, kuma duk tsarabar da take isa gare shi da sunanki ni nake ɗaurawa. Na ce ya dawo gida, ni nake nemansa, ba Hindatu ba, ba kowa ba. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan da shi ba tun da na haife shi. Ya sa fuska a cikin tafin hannu, na ga kafaɗunsa suna motsi.

Da ya ɗago sai ya koma Larabci, don Hausarsa ba za ta ɗauki abin da zai faɗa ba. Ya tambaye ni ko na tuna wayar da ya bugo wata guda kafin in zo. Na tuna. Ya ce min wani kamfanin ƙera jirage ya ba shi aiki na shekara biyar, me na gani? Ni kuma na amsa yadda na saba amsa masa a waya, a taƙaice, kada in zauna ina hira da ɗan fari kamar wata marar ta ido. Na ce duk abin da ya gani, Allah ya zaɓa mafi alheri, ga Hindatu. Na miƙa mata wayar na koma kicin zuciyata tana ƙuna. Ya ce ranar nan kalma ɗaya yake jira, in ce masa kada ya karɓa. Da bai ji ta ba, washegari ya je ya sa hannu. Kuma ba irin aikin da ake ajiyewa a tafi ba ne, su suka ɗauki nauyin ƙarshen karatunsa.

Na ce Allah ya sa albarka. Me zan ce? Na buɗe flas na zuba mana gahawar da ta riga ta huce, muka sha.

Sauran hanyar gangara ce, ya riƙe hannuna har ƙasa, ban ƙwace ba. Na sake gwada sunan sau ɗaya a bakin ruwa, ba don komai ba, don in ce ya miƙo min buta. Nauyi ya yi min a harshe kamar na ɗauki dutsen niƙa, amma ya fita. Ya miƙo min butar, kunnuwansa dai na ga sun yi ja. A filin jirgi ya sumbaci kaina, ni kuma na dafa nasa. Ya ce zai zo hutun babbar salla, hutu kawai.

Ga ni na dawo ni kaɗai, da ƙaton takalmi da kumburarrun ƙafafu. Mata suna ta shigowa sannu da zuwa, suna tambayar yaya Turai, ina ce musu akwai matakala. Na gaji, Inna. Ba gajiyar dutsen kaɗai ba. Ina ta lissafin abin da ba ya lissafuwa, da na ce kaza a wayar nan, da na je bara, da Hindatu ta faɗa min da wuri. Sai in yi istigfari in tashi in yi alwala.

Ban ce kin yi kuskure ba. A garinku kowa ya san ma'anar shirun uwa, yaro yana tashi ya ga haka ake yi wa kowane ɗan fari, ya san ƙauna ce aka rufe. Nan kuwa ba wanda ya fassara masa. Ke kina nan kina cike gurbin, da kika tafi sai ya ga fili.

Yanzu duk Juma'a bayan la'asar yana bugowa, kuma na daina miƙa wa kowa wayar. Sai dai ba mu iya hira ba. Mu gaisa, ya tambayi sukari, in tambayi sanyi, sai mu yi shiru ina jin numfashinsa yana jin nawa, ba mai son ya fara ajiyewa. A haka muke koyo, ni da furfurata shi da tasa.

Jiya na koma wurin likita, ya duba ƙafar da idon, ya girgiza kai ya ƙara min allura. Ban gaya wa Mansur ba. Shekara biyar ya sa wa hannu, ni kuma ban san abin da aka rubuta min ba.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya gafarta miki, ya saka miki da Aljanna kan kowane taku da kika yi har kika kawo mu garin nan, da kowane dare da kika yi kina jijjiga ɗan da ba ke kika haifa ba. Allah ya jiƙan babansu. Allah ya tsare min Mansur a bakin tekun can, ya riƙe ƙafarsa. Ina marmarin ganinki, Allah ya sani, amma ki yi haƙuri, ba na son in zo yanzu. Ina roƙon Allah ya ara min shekara biyar ɗin nan, in ga ya shigo ƙofar gidan nan da jakarsa, ya tarar da mai nemansa a raye.

Wassalam.

'Yarki,
Rabi
Ƙurban, Madina